Yaran aikin lambu ba sa gama aikin rana: ƙara mutum zan yi ko matsa musu?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Jidda: "Assalamu alaikum Malam. Ni ne mushrif (mai kula da ma'aikata) a wata 'yar mu'assasa (ƙaramin kamfani) mai kula da lambunan gidaje. Ina da mutum 7 har da direba, mota ɗaya Daina ta ɗaukar kaya, muna da filla (gida mai harabarsa) 24 da istiraha (gidan shaƙatawa) 2 a warwatse daga Hamdaniyya har Abhur har cikin gari. Kullum ba ma gama abin da aka tsara, masu gida suna ta waya, mai mu'assasa yana cewa yaran ne malalata ko dai in matsa musu ko ya fara yankan albashi. Ni kuma ina ganin ƙarin mutum muke buƙata. Don Allah meye shawara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara rufin asiri. In na fahimce ka, kai da mai gidanka kun yarda a kan abu ɗaya, wato aikin ya fi ƙarfin hannun da ke ƙasa, sai dai shi yana ganin hannun ne ba ya motsi kai kuma kana ganin hannun ne ya yi kaɗan. Ni abin da na gani a shekarun da na yi ina jan yara a wannan aiki tsakanin Makka da Jidda shi ne, mafi yawan lokaci duk biyun ba nan matsalar take ba. Awannin ba a kan ciyawa suke zubewa ba, suna zubewa ne a gaban sakan, wato masaukin ma'aikata, da safe, a kan titi, a bakin get ana jiran haris mai gadi, da kuma wajen komawa gidan da aka riga aka yi jiya saboda wani abu ya lalace. Kuma duk waɗannan ba lebura ne ke yanke su ba, mu ne masu tsarawa.

Don haka kafin kowa ya taɓa albashin wani, ka yi abu ɗaya mai arha. Ka ba direba ƙaramin littafi da biro, ko ya riƙa turo maka a WhatsApp, sati biyu cur, kowane gida ya rubuta lokaci huɗu: sanda mota ta tsaya, sanda aka fara aiki na gaske, sanda aka gama, sanda mota ta tashi. Ya rubuta kuma sanda kuka bar sakan da sanda kuka dawo. Ka gaya wa yaran a fili cewa ba don a kama wani ake yi ba, don in suka zaci tarko ne to lambobin ƙarya za ka samu. Bayan sati biyu ka zauna ka haɗa. Lissafin mai sauƙi ne amma yana da ciwo, in mutum 7 suka tsaya minti 30 da safe ana neman jarkar mai da makullin sito, ba rabin awa ka rasa ba, awa uku da rabi ka rasa na aikin mutum, kusan rabin yinin lebura ɗaya kenan ya tafi tun ba a kunna inji ba. Haka za ka ninka duk wani jira da bakwai.

Hanya da safiya

Wuraren da ka ambata su ne suka fara ja min hankali. Wanda ya san Jidda ya san Abhur da Hamdaniyya suna can arewa, cikin gari kuma wata duniya ce daban in titin Madina ko titin Haramain ya cushe da safe. In tsarinku shi ne duk wanda ya fi ɗaga murya a waya shi ake fara zuwa wa, to motarku tana yini tana saƙa ne tsakanin arewa da kudu da mutum shida a baya suna zaune ana biyansu. Ka buɗe Google Maps ka sa alama a kan duk gidajen 26, za ka ga da kansu sun taru gungu-gungu. Kowane gungu ka ba shi ranarsa, Asabar nan, Lahadi can, kuma ka sanar da masu gida ranarsu ta dindindin. Za su yi ƙorafi satin farko, daga baya su ne za su fi jin daɗi don sun san ranar da za a buɗe get. Ka bar rabin yini ɗaya a sati, ni Alhamis da yamma nake bari, wanda ba a sa masa komai sai gaggawa da gyare-gyare, don kar fayif ɗaya da ya fashe ya wargaza maka sati.

Lodi kuma da daddare ake yinsa ko da yamma in an dawo, ba da asuba ba. A cika injuna da mai, a haɗa man gauraye na fetur da man inji, a ɗaure zare a injin gefe, a sa buhunan shara, a cika kulolin ruwa da safe kawai ya rage. Kowane kaya ya sami wurinsa a bayan mota har ma ka sa fenti ka zana, shebur nan, manjagara nan, almakashi nan, ta yadda kallo ɗaya za a yi a san an bar abu a gidan mutane. Karin kumallo ma a saka shi cikin tsari, mutum ɗaya ya sayo burodin tamis da waken ful na kowa, ba wai mota ta tsaya a bagala, wato shagon unguwa, kowa ya sauka yana zaɓe ba.

Sai maganar get, wadda littattafan waje ba su san da ita ba amma mu nan ita ke cinye mu. Gidan mutane ne, akwai iyali, ba za ka tura maza shida cikin harabar gida ba sai an yi sallama an ba da izini an kintsa. Wannan haƙƙinsu ne kuma mu ma haka za mu so a yi mana. Abin da ke hannunka shi ne ka tura saƙo tun daren jiya, sannan direba ya kira haris tun kuna gidan da ke gabansa, minti 15 kafin ku iso. Kuma mutanen nan da yawa ba sa kwana da wuri, in ka kunna injin yanka ƙarfe 6 a ƙarƙashin tagar mutum to ka jira waya mai zafi. Shi ya sa sanyin safiya istiraha nake ba wa, ko harabar kamfani ko masallaci inda ba mai barci, gidaje kuma a fara da aikin da ba ƙara, duba ruwa, cire ciyawa da hannu, shara, sai rana ta ɗan ɗaga a kunna inji.

Zafi ba lalaci ba ne

A nan ne nake so ka tsaya wa yaranka a gaban mai mu'assasa, da ladabi amma ba tare da ja da baya ba. Dokar ƙasar nan ta hana sa ma'aikaci aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara, Ma'aikatar Ƙwadago ce ke sanarwa kuma akwai tara. Dokar aiki kuma awa 8 ce a rana, 48 a sati, a watan Ramadan ta koma awa 6 ga Musulmi, kuma ba a sa mutum ya yi fiye da awa 5 a jere ba tare da hutun akalla rabin awa ba. Abin da ya haura haka ofataim ne, kuɗin awa da ƙarin rabin asalin albashin awar. Duk wanda ya tsara aikin bazara kamar na watan Janairu ya yaudari kansa tun a takarda.

Kuma ko ba doka, jiki ma yana da tasa. Jidda ga zafi ga laima, gumi ba ya bushewa a jiki balle ya sanyaya mutum, shi ya sa za ka ga yaro mai ƙwazo wajen ƙarfe 11 ya fara tafiya kamar ana jansa. Ba wayo yake yi ba. In ka matsa masa a wannan lokacin abin da za ka samu shi ne shinge a karkace, kan rashshash mai fesa ruwa da aka taka da inji, ko kuma Allah ya kiyaye mutum ya faɗi. Sauri ya haifi nawa, mun sha gani. Ni a bazara kashi biyu nake raba yini, a fita bayan sallar Asuba don rana na fitowa tun kafin ƙarfe 6, a yi aiki mai nauyi zuwa wajen 10 da rabi, a koma sakan a yi wanka a kwanta a mukayyif, wato AC, bayan La'asar a sake fita zuwa gungu mafi kusa a yi mara nauyi. Yana da tsadarsa, fita biyu ce man mota biyu, shi ya sa gidajen nesa irin na Abhur safiya kawai ake ba su a gama su gaba ɗaya. Ruwa kuma kar a jira ƙishi, kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, mai sanyi, kula a kusa da inda ake aiki ba a mota a can waje ba. Sabon zuwa ko wanda ya dawo daga hutun gida, ka ba shi sati ɗaya zuwa biyu yana ƙara nauyi a hankali kafin jikinsa ya saba. In ka ga mutum ya rikice yana magana ba kan gado, ko jiri ya kwashe shi, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a kira motar asibiti a 997, ba a cewa ya ɗan huta ya tashi.

Yadda ake tsayawa a cikin gida ɗaya

Mutum shida a ƙaramar filla mai ciyawa taku ashirin, wannan taro ne. Biyu na aiki huɗu na jiran su gama. Tunda gidajen gungu ɗaya suna kusa da juna, ka raba su uku-uku ko biyu-biyu, direba ya sauke waɗannan a nan ya wuce da waɗancan gaba, ya dawo ya kwashe shara. Istiraha mai faɗi ce ke buƙatar kowa da kowa. Kuma kowane rukuni ya riƙe gidajensa, kar a riƙa juya su, don wanda ya saba da gida ya san inda bawul yake, ya san kusurwar da ruwa ke kwanciya, ya san hajiyar gidan ba ta son a taɓa mata furen jahannamiyar bakin ƙofa. Wannan sanin yana rage minti goma a kowace ziyara ba tare da kowa ya yi gudu ba.

Jerin aiki ma yana da muhimmanci, daga sama ake farawa a sauko. A fara da itatuwa da shinge, a kwashe, a gyara gefe, a yanka ciyawa, a hure a share sau ɗaya a ƙarshe, sannan a kunna ruwa a zagaya a gani da ido kafin a fita. Na sha shiga gida na tarar an share tas sannan wani ya hau tsani ya fara aske shinge, shara biyu kenan a kuɗin ɗaya.

Injuna, a taƙaice. Wuƙar injin yanka in ta dakushe yaga ciyawa take yi ba yanka ba, bakin ganyen ya yi fari-fari bayan kwana biyu mai gida ya kira ya ce ciyawarsa na mutuwa. Ka ajiye wuƙa ta biyu a wase, ana canzawa. Ƙurar ƙasar nan tana toshe filtar iska da wuri, a kaɗe ta kullum da yamma. Injunan da ke shan man gauraye irin na Stihl ma'auninsu 50 da 1 ne, wato mil 100 na man inji a lita 5 na fetur, mutum ɗaya tak ya riƙa haɗawa da kofin awo a jarka mai launi daban, don ranar da wani ya zuba zallan fetur injin ya tafi kenan. Akwati ƙarami a mota mai fulogi, zare, igiyar tayarwa, kawunan rashshash, ɗigo-ɗigo, gam da 'yan haɗe-haɗen fayif, ya fi maka tafiya shagon kayan ruwa da tsakar aiki.

Ruwa shi ne rabin aikin

Nan nake so in daɗe, don a ƙasar da ruwan sama ya yi ƙaranci lambu gaba ɗayansa a kan fayif yake rayuwa, kuma yawancin wayar da ke dawo da ku gidan da kuka gama daga nan take. Ruwan da yawancin istirahohi ke amfani da shi, na rijiya ne ko na wayit, wato tankar ruwa, yana da gishiri da laka, yana toshe bakin ɗigo a hankali ba wanda ya lura sai itace ya fara zubar da ganye a watan Yuli, lokacin kuma kwana uku ba ruwa ya isa ya kashe shuka. Sai a zo a cire a sayo sabo a mashtal, wurin rainon shuke-shuke, a dasa, yini guda ya tafi, kuma sau da yawa mu'assasa ce ke biya. Alhali wanke filta minti biyar ne, buɗe ƙarshen layi a bar ruwa ya wanke dattin ciki wani minti biyar.

Ka zaɓi mutum ɗaya ka mai da shi mai ruwa. Ba lallai mai takarda ba, mai lura ake so. A wajena wanda ya fi kowa iya wannan wani bawan Allah ne cikin Hausawan Sudan da ya taso a noman rani a yankin Jazira, yana shiga gida kafin ya taɓa komai sai ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasa a gindin itace, ya murza, ya duba ko akwai farin gishiri a gefen da'irar jiƙa, daga nan ya san layin da ya toshe tun kafin a kunna famfo. Irin wannan mutum ka ƙara masa wani abu a albashi, ya fi maka lebura biyu.

Sannan taima, agogon da ke kunna ruwa da kashe shi da kansa. A kashe ruwa daren da za a wayi gari a yi yanka, don jiƙaƙƙiyar ciyawa tana cushe inji, tana dunƙulewa, taya na barin sawu, aikin minti 20 ya koma 40. A canza lokutan taima in yanayi ya canza, da yawa tun ranar da aka ɗaura ta ba wanda ya sake taɓawa, ruwan Agusta ake ba ciyawa a Janairu. Yawan ruwa da yawan yuriya kansu aiki suke haifar maka, ciyawa ta yi ta tsiri kana ta yanka, aya-aya kuma ta samu abin da take so don ita ƙasa mai dausayi take bi, kuma wanda ya taɓa fama da ita ya san cirewa da hannu ba ya kashe 'ya'yanta da ke ƙasa. Ciyawar da aka fi shimfiɗawa a nan dangin kiri-kiri ce da muka sani a gida, sai kuma fasfalam mai jure gishiri, duka suna gudu a zafi suna lafawa a sanyi. Ƙa'idar ita ce kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, to a bazara kusan duk sati ne, a sanyi kuwa ana iya tazara, sai ka mai da awannin da suka rage kan sassabe da gyaran layukan ruwa.

Wani abin da ya kamata ka kai wa mai mu'assasa shi ne ba duk gida ne daidai ba ko da faɗinsu ɗaya. Gidan da aka zagaye da bazromiya, itacen nan konokarbas, aski yake nema ba ƙaƙƙautawa, sharar sa tana cika mota, saiwarsa kuma tana bin fayif da hazzan, wato tankin ruwa, tana fasawa. Gidan da ke da magarya ko darbejiya, irin wadda ta cika filin Arfa, kusan ba ruwanka da shi. In kuɗin wata ɗaya ake karɓa a gidajen biyu, to littafin direba zai nuna maka wanda ke cin awannin sauran, sai a sake magana da mai gidan ko a ƙara kuɗi ko a rage yawan aski. Aikin lambu yana ƙaruwa a ƙasar nan, tun da aka ƙaddamar da shirin kore Riyad a 2019 mai burin itace miliyan 7.5, da shirin ƙasa baki ɗaya a 2021 mai burin biliyan 10, ba dole ba ne mu'assasa ta riƙe gidan da take asara a kansa don tsoron rasa kwastoma.

Dabino kuma ka cire shi daga aikin mako-mako gaba ɗaya, ka sa masa ranakunsa daban da mutanen da suka iya hawa da igiya da safar hannu mai kauri, ƙayarsa ba wasa ba ce. Sassabensa a lokacin sanyi ya fi, don raunin da aka yi wa itacen yana fitar da ƙamshin da ke jawo jan ƙwaron dabino, wanda aka fara gani a ƙasar nan a Ƙaɗif a 1987 kuma har yau ana fama da shi. In kun ga rami a jikin itace yana fitar da ruwa mai wari ko dusa kamar ta katako, wannan ya wuce aikina da naka, a sanar da mai gida a kira ofishin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma.

Albashi da ƙarin mutum

Yankan albashi a kan jinkirin da tsari ya jawo zalunci ne, kuma ko ta fuskar riba ma asara ce. Mutumin da ya baro iyali a Kano ko Damagaram ko Dakka yana lissafin abin da zai tura ƙarshen wata, in ka taɓa wannan kuɗin hankalinsa ya bar wajen aiki, kuma daga ranar ba zai sake gaya maka ya ga fayif na yoyo ba. A biya a kan lokaci, a biya ofataim yadda doka ta ce. In ana son ƙarfafa gwiwa kar a ɗaura kyauta a kan yawan gidajen da aka gama, don za a yi maka aikin shafa-shafa, a ɗaura ta a kan rukunin da wata ya ƙare ba a kira an dawo da su gyara ba kuma ba su lalata inji ba. Kuma ka riƙa tambayarsu, minti biyar da yamma ana shan shayi, me ya tsayar da ku yau, za ka ji abubuwan da ba za ka taɓa gani daga gaban mota ba.

Ni ban ga gidajenku ba, kuma aikina na filla da istiraha ne, manyan kwangilolin baladiya, wato hukumar gari, na tituna da wuraren shaƙatawa tsarinsu daban. Zai yiwu bayan ka gyara duk wannan lissafi ya nuna lallai hannu ya yi kaɗan, musamman watanni ukun hana aikin rana da kuma Ramadan. In haka ne, ka fara duba ƙaramar mota ta biyu, dabbab, 'yar ƙaramar a-kori-kura, ma ya isa, kafin mutum na takwas, don da mota ɗaya duk wanda ka ƙara wani fasinja ne a cunkoson titin Madina, amma da mota biyu mai ruwa da mataimakinsa za su iya zagayensu daban, shara ma ta tafi juji ba tare da kowa ya tsaya jiranta ba. Ka je wa mai mu'assasa da littafin a hannu ka nuna masa awa nawa aka yi a hanya awa nawa a kan ciyawa. In ka gama sati biyun ka turo min lambobin yadda suke da jerin unguwannin, mu duba yadda za a raba ranakun tare in sha Allah.